Wanda Ya Ba da Auren Kulu

Da sunan Allah nake farawa, shi da ya ara mini kwana har na ga 'ya'yan cikina suna gyara mini labarin da aka yi a kan idona. Na ji yadda kuke ba da labarin auren yayarku Kulu, kowa da gishirin da yake ƙarawa. Wani ya ce yaji na yi sai da babanku ya sauko. Wata ta ce kawunku ne ya zuba masa wani abu a miya. Ƙarya kuke yi dukanku, Allah ya shirye ku. A Jidda ina mace za ta yi yaji ta je? Gidan ubana yana Damagaram, ga teku ga hamada a tsakani. Kawunku kuwa abin da ya taɓa zuba wa mutum a miya bai wuce daddawa ba. To ga yadda aka yi, in na gama wanda ya ga dama ya ci gaba da ƙaryarsa.

Da babanku zan fara, don shi ne tushen rigimar. Ba na faɗin sunansa, kun sani, kuma ko a unguwarmu Bani Malik ba wanda ya san shi da sunan yanka, Likita Kyuba ake ce masa. Yana saurayi aka tura shi karatu daga Nijar zuwa wannan tsibiri na 'yan gurguzu, ya koyo likitancin dabbobi. Ya dawo gida aiki ya gagara, Allah ya kawo mu nan, wani Balarabe mai tumaki ya zama kafilinsa mai tsaya masa, ya yi masa iƙama, takardar zama a ƙasa. Tun daga nan yake buɗe bakin raguna a kasuwa yana duba haƙora. Amma jikinsa ne kawai ya baro Kyuba. In muka kai yaro asibiti aka ce sai an biya, zai tsaya a taga yana gaya wa ɗan Indiya mai karɓar kuɗi cewa a Kyuba likita ne ke bin mara lafiya har gida. In na dafa shinkafa da wake ya ce ta yi daɗi, sai dai tasu da baƙin wake ake yi. In aka ɗauke ruwa ya ce can ma ana ɗaukewa, amma ana ɗauke wa kowa har minista. Wata rana na gaji na ce masa, Malam, kai ko Aljanna aka sa ka sai ka leƙa ta taga ka ce ta Kyuba ta fi iska. Ya ce in yi istigfari. Na yi, amma ban janye ba.

Kada ku ɗauka raina shi nake yi. Ɗan mai ga-ruwa ne, ba wanda ya taɓa ba shi ko alli kyauta sai mutanen nan. Sun ciyar da shi, sun tufatar da shi, sun koya masa sana'ar da muka ci, kuka yi karatu da ita. Wanda ya yi maka rana ba ka mantawa da shi. Sai dai so hana ganin laifi ne, kuma na babanku ya kai inda ko ka nuna masa laifin da yatsa sai ya ce yatsanka ne ya karkace.

Sai kawunku, Yaya Tanko, wana uwa ɗaya uba ɗaya. Na san a cikinku akwai masu rage murya in an zo nan, to ni ba zan rage ba: ɗan daudu ne. Haka na buɗe ido na gan shi, da zane a ƙugu, yana toya waina a bakin tasha, yana tafa hannu yana yi wa direbobi habaici. Innarmu ta rasu ina rarrafe. Shi ya goya ni, shi ya yi mini kitso, da wainar nan ya yi mini kayan ɗaki. Abin da ke tsakaninsa da Ubangijinsa ban tambaya ba, kuma ban ga wanda aka wakilta ya tambaya mini ba. Da muka zo nan ya biyo mu da umra, ya ƙi komawa, ya kama ɗaki a unguwar Hindawiyya. Ya san nan ba Damagaram ba ce. Mutum irinsa, ga shi ba iƙama, kuskure ɗaya sai mota, sai a tusa ƙeyarsa gida, in ma abin ya tsaya a nan. Don haka ya naɗe zanen ya sa a ƙasan akwati, ya zura farar jallabiya kamar kowa. Hannu da harshe ne dai suka ƙi shiga akwatin. In yana magana hannun nan sai ya karya wuya ya dawo, in kuwa ka taka shi zai faɗa maka magana sai ka kai gida za ka gane zagi ne.

Ba suna, ba aure, ba walimar da za a yi a cikin Hausawan Jidda ba a kira shi ba. Alkubus, funkaso, waina, ga kabsa ta Larabawa da ya koya har ya fi masu ita. Alhazai su ci su suɗe yatsu su ce Tanko akwai hannu. Amma a duk cin nan ban taɓa ganin wanda ya matsa masa a shimfiɗa ya ce zauna mu ci ba. A tsaye yake ci, bayan tukunya, a murfi. Ko a gidanmu, da yake zuwa duk Juma'a in an sauko daga masallaci, sai ya shige wurina a kicin ya ce zama yana sa masa ciwon baya. Ni na san ƙarya ce, kuma abin yana yi mini ciwo. Babanku yana falo da farantinsa, shi yana bakin murhu, ta ƙofa suke hira, ni ina tsakani da ludayi.

Ta wannan ƙofa rigimar ta shigo. Wata Juma'a babanku ya ɗauko karatunsa na kullum, cewa a Kyuba ba babba ba yaro, kowa ɗaya ne a gaban hukuma. Sai Yaya ya ajiye murfi ya leƙa.

"Likita, na ji wata magana a rediyo. Wai da gaske ne a garin naku na adalci an taɓa kwashe irinmu a mota, aka kai su gonar rake aka zagaye da waya, wai sai sun sari rake sun zama maza?"

Babanku ya ce farfagandar Amurka ce. Juma'ar da ta biyo ya ce an yi, amma tun kafin ya je. Wadda ta biyo bayanta ya shigo da ƙarfinsa ya ce ai tsohon shugabansu da bakinsa ya amsa laifin, wane shugaba ne a duniya ke yin haka? Yaya ya ce madalla, su kuma masu saran raken an mayar musu da ƙuruciyarsu ko tana nan a ajiye? Babanku ya ce Yaya bai san siyasar duniya ba. Daga ranar Yaya bai ƙara tayar da maganar ba. Sai dai duk Juma'a zai biya wurin masu matse rake ya sayo sanda guda, ya shigo da sallama, ya ajiye ta gefen farantin babanku, ya wuce kicin. Shi kuma gogan, don kada a ce an ci shi, sai ya ɓare ta da haƙori ya shanye tas. Haƙorinsa na gaba da kuke gani yana rawa, ba tsufa ba ne, taurin kai ne.

A haka muke har shekarar da aka sa ranar Kulu da wani yaro ɗan unguwar Madain Fahd, Bahaushe haifaffen nan. Ku da kuka tashi a nan ba ku cika sanin al'adarmu ba, to ku ji. Uba ba ya zama a gaban mutane ya ba da 'yarsa da bakinsa, balle 'yar fari, akwai kunya. Wani yake wakiltawa, ɗan'uwansa ko babban amininsa, shi zai zauna kusa da liman a nemi auren a wurinsa ya ce ya bayar. Girma ne babba, wanda aka ba shi har ya mutu ana cewa shi ya ba da wance. 'Yan'uwan babanku duk suna Nijar. Don haka kowa ya ɗauka Alhaji Bawa ne, mai shagon turare da tsarabar alhazai, wanda a ƙofar shagonsa babanku ke zaman majalisa kullum bayan la'asar. Shi ma Alhaji Bawa haka ya ɗauka, don matarsa ta gaya mini har ya kai babbar rigarsa wurin mai guga.

Sai ga Kulu ta same ni ina tsince shinkafa, da Hausarta ta 'yan Jidda mai rabi Larabci.

"Ummi, ni Kawu nake so ya ba da ni. Shi ya yi rainona, shi yake kai ni makaranta. Ba na son ranar aurena yana bayan tukunya. Halas, magana ta ƙare."

 Daɗi ya kama ni, tsoro ya fi shi. Na tuna bakin mutane, na tuna dangin ango, na tuna cewa mutumin da ba shi da takarda ba ya son a san da shi. Amma na tuna bayan da ya goya ni. Na kai wa babanku maganar. Ya gyara zama ya yi mini huɗuba mai tsawo a kan daidaito tsakanin 'yan Adam, har da wasu kalmomi na yaren Kyuba. Ina jira in ji inda za a sauka, sai ya ce amma nan Bani Malik ne, kuma ya riga ya ɗan yi wa Alhaji Bawa alama. Na ce to, ashe daidaiton naka bai da iƙama shi ma, a can ka baro shi. Ya ɗauki hularsa ya tafi majalisa.

Ikon Allah, a cikin makonnin nan ne labari ya zo cewa mutanen Kyuba sun yi ƙuri'a sun canza doka, yanzu namiji yana iya auren namiji, mace ta auri mace, hukuma ta ba su takarda. Alhaji Bawa ne ya fara gani a waya. Kafin babanku ya iso majalisa an riga an wasa wuƙaƙe. Shekara da shekaru yana cika musu kunne da Kyuba, ranar suka rama. Wannan ya ce Likita, Allah ya sanya alheri, yaushe za mu je ɗaurin aure? Wancan ya ce yanzu a can wa ke biyan sadaki, ko shi ma gwamnati ce ke bayarwa kyauta? Ya dawo gida ko magariba ba a yi ba, fuskar nan kamar an aiko masa da mutuwa. Ya kwanta ya ce cikinsa ke ciwo. Mutumin da ko zazzaɓi ba ya hana shi majalisa, sai ga shi a ɗaki yana shan jiƙo, wanda ya yi sallama a ce ba ya nan.

Ranar Juma'a Yaya ya shigo ba sandar rake. Tun daga matakala nake jin muryarsa yana tambaya ina Likita, yau ɗan Kyuba ya zo gaida ɗan'uwansa ɗan Kyuba. Ya tsaya a kan babanku yana yabon tsibirin, wai ashe mutanen kirki ne, ashe shinkafarsu ma da baƙin wake ta fi tamu, ko Likita zai rubuta masa hanya? Babanku ya tashi zaune ya ce mutanen nan sun lalace, waɗanda ya sani ba haka suke ba. Ni ina bakin ƙofa dariya ta hana ni tsayuwa. Mai yabo ya koma mai zagi, mai zagi ya koma maroƙi. Da dariyar ta lafa na ce Yaya, tsakani da Allah, kai ka ji daɗin abin nan? Sai ya yi tsaki ya karya hannu.

"Aure? Ni da na dafa abincin aure har gashina ya yi fari, na san abin da ke cikin tukunyar nan, ba na sha'awa. Su can su suka san abin da suka roƙa, Allah ya ba su zaman lafiya. Saran raken dai an yi shi, ba takardar da za ta goge. Amma ƙasar da ta iya cewa na yi kuskure, har ta gyara, ta fi wasu mazan da na sani."

Bai dubi kowa ba da ya faɗi haka, tukunya ya je ya buɗe. Babanku kuma ya koma ya kwanta ya juya mana baya.

Washegari da safe, kuna barci, ina gyaran wake ya zo ya zauna a kan buhu a kicin, wurin da bai taɓa zama ba. Ya ce bari ya gaya mini wani abu. Wai da ya isa Kyuba ko gaisuwarsu bai iya ba, yana zaune a aji kamar kurma, har ya fara tunanin gudowa. Wani malaminsu ne ya lura da shi, yake tsare shi bayan an tashi yana koya masa yaren kalma kalma. In an yi hutu kowa ya tafi gida, shi ba gida, sai malamin ya kai shi wurin tsohuwarsa a ƙauye, ta dafa masa kifi daban don ta ji ba ya cin alade. Ana nan wata rana suka shiga aji suka tarar da wani malami. Ba a yi sanarwa ba, amma kowa ya san dalili, an ce mutumin ba ya harka da mata, kuma irinsa bai dace ya koyar da samari ba. Ba wanda ya tambaya. Shi ma bai tambaya ba, yana tsoron a mayar da shi gida ba takarda. Bai ƙara ganinsa ba.

"Ƙasar nan ita ta ba ni sana'a," in ji babanku, "kuma ita ta kori wanda ya buɗe mini baki na koye ta. Duka biyun gaskiya ne. Na rasa yadda zan ɗauke su tare."

Tausayinsa ya kama ni, amma haushi ma ya kama ni. Na ce Malam, shekara nawa kana auna mana mudu ɗaya ka ɓoye ɗayan a bayan gado? Ai ni mai son naka na san kana minshari, kana da rowar nama, ga taurin kai, kuma ban fasa zama da kai ba. Wa ya ce maka sai abu ya zama ba aibi ake son sa? Ya ce shi bai da rowar nama. Daga duk abin da na faɗa wannan kaɗai ya ji.

Da la'asar ya sa hula ya koma majalisa. Ban je ba, mace ba ta zuwa, amma matar Alhaji Bawa tana jin komai ta tagar bene, ita ta kawo mini labarin da ɗuminsa. Wai yana zama Alhaji Bawa ya ce yau dai sai Likita ya tsine wa Kyuba a gaban jama'a, a wuce wurin. Babanku ya ce ba zai tsine wa hannun da ya ciyar da shi ba. Aka ce to ke nan ya yarda da auren nasu? Ya ce shi Musulmi ne, ya san abin da addininsa ya ce, ba a tambaye shi ba kuma ba shi ya jefa ƙuri'a ba. Amma in laifin Kyuba suke so su ji, shi zai gaya musu wanda ya fi ci masa rai: sun taɓa tsare bayin Allah a gona kamar dabbobi, sun raba wasu da abincinsu, ba don sun yi sata ko kisa ba. Wannan zalunci ne ko wa ya yi shi. Asibitinsu kuma har gobe ya fi na kowa, wanda bai yarda ba ya je ya gani. Majalisa ta rikice, don ba wanda ya gane ko yabo yake yi ko zagi. Alhaji Bawa ya ga abin zai kuɓuce masa, sai ya jawo babban makaminsa. Ya ce shi ba zai zauna ya ba da 'yar mutumin da ya kasa tsine wa irin wannan ƙasa ba.

"Halas," in ji babanku. "Ka huta. Dama akwai mai bayarwa. Kawunta Tanko."

 To a nan nake so ku fahimce ni. Ba na ce muku babanku waliyyin Allah ne ba. Rabin abin malamin nan ne da ya tsaya masa a rai, rabin kuwa taurin kai ne tsantsa, don ba a taɓa yi masa barazana ya sauko ba. Da Alhaji Bawa ya lallashe shi, Allah kaɗai ya san wanda zai ba da Kulu. Ya shigo gida yana huci ya ce in aika a kira Yaya.

Abin da ba mu zata ba, Yaya ya ƙi. Ya ce shi wa, a gaban liman? Wa zai duba shinkafa? Ya ce gwiwarsa ba ta lanƙwasuwa, ya ce ba shi da riga, ya ce ranar ma yana da wani aiki a Hindawiyya. Da dalilan suka ƙare sai ya faɗi na gaskiya, murya ƙasa ƙasa: ba ya so a riƙa nuna Kulu a gidan miji ana cewa ga wadda ɗan daudu ya bayar. Kulu tana bayan labule tana ji. Ta fito ta durƙusa a gabansa ta ce in ba shi ba, a ɗaga auren. Babanku kuma ya ce, Yaya, ni ban iya roƙo ba, amma na riga na faɗa a majalisa, in ka ƙi ka kashe ni. Yaya ya dube shi sama da ƙasa ya ce ashe akwai ranar da Kyuba za ta nemi taimakon Damagaram. Ya share ido da hannun riga ya ce a nemo masa babbar riga, amma kada a kawo mai ruwan ƙasa, ba ta karɓarsa.

Abin bai tafi kyauta ba, kada wani ya ce muku. Da aka gaya wa uban ango ya ce uba ke da 'yarsa, wanda ya wakilta shi ne, amma ƙannensa biyu ba su zo ba. Alhaji Bawa bai zo ba, ya kuma janye rabin majalisa. Babanku bai ƙara zama a ƙofar shagon nan ba har yau. Kuna ganinsa da la'asar a bakin ƙofarmu shi da rediyo, kuna cewa tsufa ne ya sa shi son kaɗaici. Ba tsufa ba ne. Mutum mai son surutu irin babanku ya rasa masu saurare, ni na san abin da ya biya, don ni nake sauraren duka yanzu.

A saman benenmu aka ɗaura, bayan la'asar. An shimfiɗa dardumai a gefe ɗaya, tukwane kuma suna bayan tankin ruwa, an ja labule. Yaya tun asuba yake kan aiki, ya gama miya, ya gama nama, ya zuba shinkafar kabsa a babbar tukunya. Sannan ya yi wanka ya zura riga shuɗiya ta aro, ya kafa hula. Ya damƙa mini ludayi kamar mai ba da amanar marayu, ya ce in ruwa ya tsotse in rage wuta, abin da zan yi ke nan, ko yaro zai iya. Na ce Yaya, ni fa na aurar da 'ya yau, shinkafa ce ban iya ba? Ya ce shi dai ya faɗa.

Na leƙa ta labule na gan shi kusa da liman, ya sandare kamar wanda za a ɗauka hoto. Ya tura hannayensa biyu ƙarƙashin cinya ya danne, don kada su tashi su yi abin da suka saba. Babanku yana gefensa, kai a sunkuye. Wakilin ango ya nemi aure, aka faɗi sadaki, liman ya juya ya tambayi mai bayarwa. Sai na ji wata murya mai kauri da ban taɓa ji ba, kamar daga cikin rijiya, ta ce na ba shi. Har na waiga in ga wane ne. Da liman ya sake tambaya sai muryar aron ta ƙare, tasa ta gaskiya ta fito, siririya, wadda ta yi mini waƙar goyo. Ya ce ya ba shi Kulu, 'yarsa, amana. Ba wanda ya yi dariya. Aka shafa fatiha. Ni kuwa ina riƙe da labule ina kuka kamar ni ce amaryar, ludayi a hammata.

Ƙauri ne ya dawo da ni. Kafin in juya hayaƙi ya riga ya tsallake labule. Na ga hancin Yaya ya motsa. Ya zaro hannu ɗaya, ya dafa ƙasa, ya fara miƙewa, ana tsakiyar addu'a. Sai babanku, ko kai bai ɗaga ba, ya ɗora hannu a gwiwarsa ya danna.

"Zauna, Yaya. Bar ta ta ƙone."

Ta kuwa ƙone, ƙonewa ta gaske, har ta sama ɗaci take yi. Haka aka zuba ta a manyan faranti aka kai wa maza, don ba wata. Babanku ya jawo faranti ɗaya tsakaninsa da liman, ya matsa, ya ce bismilla Yaya. Yaya ya wanke hannu ya sa a ciki, a zaune, a tsakiyar mutane. Ya kai loma ɗaya ya tauna, ya ɗaga murya yadda zan ji ta bayan labule, ya ce tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa cin shinkafa mai muni irin wannan ba, wadda ta dafa ta ta ji tsoron Allah. Yana faɗa yana ci, yana ci yana faɗa. Kowa ya tsame hannu ya bar shi, shi bai tashi ba sai da ya ga ƙasan faranti.

Wannan shi ne abin da aka yi. Wanda ya ƙara, Allah ya gani.